Surajo da Ruwan Kawu

A Danwarai, in ka tambayi wanda ya ɗinka rawani tun kafin a yi masa tayin sarauta, kowa zai nuna maka Surajo manomin albasa. Wata Gudiya ce ta jawo, tsohuwar da ke tsince albasa a kasuwar Aliero. Ya ba ta goro ɗaya, ta ce, "Allah shi ja zamanin Sarkin Albasa." Haka take kiran duk wanda ya ba ta goro, har direbobin Jega. Surajo kaɗai ya kwashi zancen ya kai gida, matarsa Iklima kuwa ta rangaɗa guɗa, ta ce dama ita ta daɗe tana ganin alama a goshinsa.

Sarautar dai ta ƙungiyar manoman garin ce, kuma tana hannun Kawu Jibrilla, ƙanen mahaifiyarsa, wanda ya koya masa dashe tun yana yaro. Injin ban ruwa ɗaya suke amfani da shi, yau wannan, gobe wancan. Sai Surajo ya shiga cinye ranakun Kawu, kullum da dalili: inji ya yi zafi, tiyo ya fashe. Ruwan duk gonarsa yake kwarara, ga taki sau uku, kuma bai yanke ban ruwa ba har ranar cira, alhali ko jaririn Danwarai ya san ana barin albasa ta ji ƙishi kafin a cire ta.

Albasa kuwa ta yi, kowace kamar kan jinjiri. Mutane suka riƙa zuwa kallo daga Jiga Makera har Sarandosa, ana ɗaukar hoto da waya. Surajo ya canza tafiya, ya fara amsa gaisuwa da ɗaga hannu. Iklima ta hana a kira shi da sunansa. Albasar Kawu kuwa ƙanana, abin tausayi.

Amma a garin ba ranar cira ake zaɓen shugaba ba, sai damina ta faɗi an buɗe rudu, inda ake ajiye albasa, a ga ta wa ta jure. Ranar da aka yaye ciyawar rudun Surajo, wari ne ya fara yi wa dattawa maraba. Duk ta narke. Ta Kawu da ta sha ƙishi tana nan ƙwas, ko ɗaya ba ta ruɓe ba.

Da la'asar Kawu ya zo da kansa, ɗauke da kwandon albasar iri, ya dire a ƙofar gida.

"Ruwan da kaɗ ɗauke man, shi yas sa ta ƙwari," ya ce. "Ga rabonka, ɗana. Gobe ranakka ta ga inji."

Kunya ta rufe Surajo. Ashe tun farko Kawu ya san tiyo bai taɓa fashewa ba.