Keken Ɗinkin da Na Sauke Ƙasa

Cutar shan inna ta nakasa ƙafafuna tun ina rarrafe, amma hannuwana lafiya lau suke. Da su na koyi ɗinki a wata cibiyar koya wa nakasassu sana'a. Ranar yaye mu aka sha jawabai, sannan aka raba mana kekunan ɗinki sababbi ful, kuma duka na takawa da ƙafa ne. Cikin manyan baƙin babu wanda ya lura. Ana ta tafi, ni kuwa raina a ɓace.

Ban mayar musu ba. Na sa aka loda nawa a mota sai Kakuri, wurin wani bakanike Ibo. Ya dubi keken, ya dubi ƙafafuna, ya ce, "Madam, wa ya ba ki wannan?" Ya kwance kan keken daga ƙarfen takawar, ya ɗora shi kan guntun tebur, ya sa masa hannun juyawa. Da shi nake ɗinka wa mata kayan Sallah da na Kirsimeti a Tudun Wada har yau.

Daga baya wani jami'in cibiyar ya zo shagona da mai hoto. Ya ce, "Hajiya, a mayar da keken kan ƙafarsa, don hoton ya nuna abin da muka ba ki."

Na ce, "Malam, abin da kuka ba ni yana bayan ɗaki, kaji ke kwana a kai. Je ka ɗauki hotonsa. Wannan da nake juyawa nawa ne."