Akwatin Matar Manjo

Duk wanda ya taɓa shiga gidanmu a unguwar Sharafiyya ta Jidda ya san akwatin nan, idan idonsa bai gan shi ba to ƙwaurinsa ya gaisa da shi. Koren akwatin ƙarfe ne na soja, da sunan Manjo a jiki da farin fenti, yana zaune a bayan ƙofa daidai inda mutum zai jefa ƙafa. Shekara talatin da 'yan kai ya yi a wurin a ɗaure tsaf, kamar gobe da safe za a tashi. Baƙo na yin karo da shi sai ka ji muryar Mama daga falo: "Yi haƙuri, ba zama muka zo yi ba. Oda na iya zuwa kowane lokaci."

Mama dai uwar mijina ce, Baturiyar Ingila. A can ta haɗu da Manjo lokacin da aka tura shi kwas yana ƙaramin hafsa. Ta musulunta aka sa mata Maryam, ta biyo shi Najeriya, ta yi ta bin sa daga bariki zuwa bariki har sau goma sha ɗaya. A barikin ta koyi Hausa, shi ya sa ko sannu ta yi maka sai ka ji kamar ka ƙame. Da ya ajiye kaki ya samu aikin shugabantar masu gadi a wani kamfani a Jidda, ta sake ɗaure akwati ta biyo shi, sai dai wannan karon ba ta kwance ba. Ta hana a sayi durowar kaya, ta hana a buga ƙusa a bango, na'ana'arta ma a gwangwanin madara take shuka ta don a iya ɗauka. Mu duka mun ɗauka ranar komawa Ingila take jira, tunda babbar 'yarta, Yaya Zainab, tana can, kuma ba ta taɓa ajiye waya ba ta ce, "Mama, yaushe za ki dawo gida?" ba.

Ni a Jidda aka haife ni, ban san wani abu wai shi duba kaya ba sai da aka kawo ni gidan nan. Kowace Alhamis da hantsi Mama za ta buɗe akwatin ta fito da komai ta jera a kan tabarma. A cikin murfin akwai takarda manne, kowane kaya da lambarsa, tun daga bargo har allura. Ta duba, ta goge, ta mayar, ta rufe.

Watana biyu da tarewa muka yi baƙi daga Makka, hannun butar shayina ya ɓalle. Na faki ido na ciro ta cikin akwati, na yi aiki da ita, na wanke ta fes na mayar. Ranar Alhamis ina tsakiyar yanka albasa na ji an kira sunana cikakke.

"Rabi'atu. Wa ya taɓa lamba bakwai?"

"Mama, wallahi na wanke ta, na mayar da ita inda take."

"Bakinta bango yake kallo. Yau ƙofa na tarar yana kallo."

Na waiga wajen Manjo ko zai cece ni. Ya sauke jarida kaɗan ya ce, "'Yata, ni har yaƙi na je, amma ban taɓa taɓa lamba bakwai ba." Ya mayar da jaridarsa. Ba zan ɓoye muku ba, ranar na roƙi Allah ya kawo odar nan da gaggawa.

Maganar lokaci kuwa, ku ne shaidu. An kawo mata katin walimar 'yar Hajiya Asabe mai abinci, an rubuta ƙarfe huɗu. Huɗu saura minti biyar tana ƙofar wurin taron a unguwar Bagdadiyya, da abayarta da lemarta. Masu shara kawai ta tarar. Ta zauna a kujerar gaba awa ɗaya cur, ta ɗaga hannu ta yi wa ango da amarya addu'a, ta miƙa wa mai shara gudummawarta a ambulan, ta dawo gida. Washegari Hajiya Asabe ta zo da fushinta.

"Haba Matar Manjo, duk zaman da muke yi a ce ba ki zo bikin 'yata ba?"

"Na je biki," in ji Mama. "Biki ne bai zo ba."

Tun daga nan matan unguwa suka fito da dabara. Duk mai taro sai ta rubuta wa Mama nata katin daban, da ainihin lokacin da mutane za su hallara. Ta je na farko ta tarar wuri ya cika, ta je na biyu haka. Ta dawo tana cire safa ta ce mini, "Kin gani ko, Rabi'atu? Mutanenmu sun fara gyaruwa. Haƙuri kawai ake yi da su." Har ta bar duniya babu wanda ya yi ƙarfin halin gaya mata gaskiya.

Lemar nan ma ai kun san ta, baƙa mai lanƙwasasshen hannu. Kullum da safe sai ta leƙa taga ta dubi sama ta ce, "Kamar za a yi ruwa," a garin da sai a shekara ba a ga ɗigo ba. Aikin lemar na gaskiya a wajen mai gurasar tamis yake. Kun san yadda ake yi a wurin, kowa ya miƙa hannu ta kan kowa yana ihu. Mama ta ce ba a gabanta ba. Da lema ta jera mutane ɗaya bayan ɗaya, har mai tamis ɗin ya saba, in ya hango ta sai ya ce, "Yalla, layi, Hajja ta zo."

Wata Juma'a wani mai farar riga da ƙamshin turare ya sauko daga doguwar mota ya wuce gaba kai tsaye. Mama ta maƙalo gwiwar hannunsa da lema.

"Ya Hajja, ana musta'jil," ya ce, wai sauri yake yi.

"Dukanmu musta'jil. Baya."

Mutumin ya koma baya kuwa, bayan wani mai wankin mota. Da labari ya iso gida na ga Manjo ya miƙe tsaye, abin da ban taɓa gani ba.

"Maryam, kin san wa kika kora? Mai kamfaninmu ne. Shi ne kafilina da ya tsaya mana, iƙamarmu ta zama a ƙasar nan duka a hannunsa take."

"Da ya bi layi ya mutu?"

"In ya kore mu fa?"

Ta nuna ƙofa da cokalin shayi. "Ga akwati nan a ɗaure."

Manjo ya je aiki yana jiran takardar kora. Mai kamfani ya kira shi ofis, ya yi dariya har da hawaye, ya ce ko za a ara masa Hajja ranar biyan albashi.

Da Manjo ya rasu aka binne shi a nan Jidda. Mata ba sa zuwa maƙabarta, don haka ta sa maigidana, autanta, ya nuna mata ta taga ɓangaren da take. Kowa ya ce tana fita takaba za ta tafi. Ta fita, ta ce oda ba ta zo ba. Aka mayar da iƙamarta hannun ɗanta, shekaru suka yi ta tafiya. A lokacin ni kuma na daina waccan addu'ar tuni. Mama ce matar da ta riƙe hannuna a naƙudar fari tana cewa, "Rabi'atu, ba kuka ba, aiki," ita ce ta yi jinyar mahaifiyata wata uku ba ta bari an gode mata ba. Duk wayar da ta shigo daga Ingila sai in ji tsoron za a raba ni da ita.

Sai ciwon zuciya ya kama Mama. Yaya Zainab ta zo da kanta, da tikiti biyu da takardar likita, ta ce wannan karon ba roƙo ta zo yi ba, ranar Asabar za su tashi. Maigidana ya goyi bayanta, don lafiya ake nema. Har zolaya ya yi, wai ba a taɓa samun matafiyi mai sauƙin shiri kamar Mama ba, tun kafin a yaye shi ta gama haɗa kaya. Aka yi dariya, ni na shige kicin na yi kukana.

Ranar Alhamis da hantsi muka ji bugu a falo. Muka fito a guje muka tarar da Mama a tsaye tana haki, da taɓaryar ƙaramin turmina a hannu, ta buga ƙusa a bango ta rataye hular sojan Manjo. Kayan akwati duk suna waje. Bargo yana kan kujera, lamba bakwai tana kan tebur da shayi a ciki.

"Yusufu," ta ce wa ɗanta, "je ka sayo mini durowa. Babba."

"Mama, jibi ne tafiyar fa," in ji Yaya Zainab. "Shekara nawa kina jiran oda?"

"Ba taki nake jira ba. Matar soja inda aka tura mijinta take zama. Nan aka turo Manjo, kuma ban ji an yi masa canji ba."

Na je zan rufe akwatin sai na ga saura abu ɗaya a ƙasa, lamba ta ƙarshe a takardar, wadda ba ta taɓa warwarewa a gabanmu ba. Farin yadi ne a naɗe, wanda ta wanke da ruwan zamzam tun hajjinta na farko, da sabulu da turare a gefe.

"Bar wannan a ciki, Rabi'atu," ta ce. "Ita wannan odar tana nan tafe."

Wata bakwai ta yi tana jin daɗin durowarta, tana buɗewa tana rufewa ba dalili. Ranar da odar ta zo, da safe, ba mu nemi ko zare a waje ba. Cikin awa ɗaya ta shirya, kamar yadda ta sha faɗa. Aka sallace ta bayan azahar, aka kai ta maƙabartar da Manjo yake. Maigidana ya ce ranar babu Bahaushen Sharafiyya ko ɗaya da ya makara.

Akwatin yana nan a bayan ƙofa, jiya ma ya ɗaye mini ƙwauri. Yara sun ce a kai shi saman bene, na ce wanda ya taɓa shi zai gamu da ni. Allah ya jiƙan Mama, ya sada ta da Manjo a gidan da ba a canja wa kowa wuri. Mu kuma idan tamu odar ta zo, Allah ya sa ta same mu a shirye.