Mai Gadin da Sunaye Suka Guje Masa

Ka taɓa sanin mutum sarai, sunansa ya zo bakinka ya maƙale? To, a ce duk kalmominka ne ke yi maka haka, ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya sami Baban Ƙofa ke nan.

Mai gadin wata firamare ne, a bakin ƙofar nan furfura ta same shi. In an tashi, ba ya sakin yaro sai a hannun nasa. Da, ya san sunan yaro, da na uwarsa, da na mai babur ɗin da ke ɗaukarsa. Sai sunayen suka fara zubewa. Kwadon ƙofa ya koma "abin nan", yara duka suka koma "kai wane".

Shugabar makarantar ta kira 'yarsa. "Gigin tsufa ya kama Baba. Ran da ya miƙa ɗan mutane ga baƙo, me zan ce wa iyaye? Ya huta haka nan."

Yana tsaye yana ji. Amsa fal cikinsa, baki ya ƙi.

'Yar ta kai shi asibiti. Likitar ta ɗaga agogo. "Baba, mene ne wannan?" Ya yi ta kame-kame, har ya gaji ya zagaya wuyan hannunsa da yatsa. Sai ta ɓoye abu uku a gabansa: biro a aljihun tebur, makulli a bayan labule, almakashi a ƙarƙashin kujera. Ta tura shi ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Da ya dawo ta ce, "Baba, ina kayana?"

Ya zaƙulo ukun cif. Ya miƙa mata almakashin yana harararta. "Abin nan... a ƙasa? Yara fa!"

"Na tuba, Baba," in ji ta. Ta juya ga 'yar. "Mai cutar mantuwa yakan manta an ma ɓoye wani abu. Shi bai manta ba. Sashen magana na ƙwaƙwalwarsa ne ke lalacewa a hankali."

"Zai warke?"

"A'a. Maganar za ta yi ta raguwa, wata rana ciwon yana iya taɓa sauran sassan. Amma yau hankalinsa na nan daram."

Da aka kai wa shugabar bayani, sai ta zo ta tsaya da kanta a ƙofa lokacin tashi. Baba bai kira suna ko ɗaya ba. Usur ya busa, ya nuna yaro, ya nuna mai ɗaukarsa, har filin ya watse ba kuskure. Ta bar masa makullin ƙofar, da sharaɗin ya riƙa komawa wurin likita kowane zango.

In tsohonka ya fara cewa "abin nan", kada ka yi saurin cewa ya rikice. Daina tambayarsa suna, ce masa ya nuna maka. Gwada yau, sannan ka kai shi asibiti ka faɗi abin da ka gani.