Sai Fitilar Ta Daina Ƙiftawa

Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa, duk layin Baba Dakata ake ce masa. Shagonsa ɗan tsugul ne tsakanin tela da mai gyaran agogo, sana'arsa kuwa juye tsofaffin kaset zuwa filashi. Yana son aikin nan kamar me, don yini yake yi yana shan hirar mutanen da bai taɓa gani ba.

Halinsa ɗaya ke ƙular da jama'a. Kwamfuta za ta nuna ta gama, amma sai ya kife tafin hannu a kan filashin, ya umarci kwamfutar ta sake shi, ya zuba wa 'yar fitilarsa ido har ta daina ƙiftawa.

"Na'urar nan akwai cika baki," in ji shi. "Takan ce ta ajiye, alhali sauran na hannunta. Ka fizge yanzu, ko a ɗauke wuta, na hannun ya zube ke nan."

Matarsa kan ce ko shayi ta zuba masa, sai ya jira kofin ya daina ƙiftawa. Shi dai dariya kawai yake yi.

Wata rana wata ma'aikaciyar jinya ta kawo kaset ɗaya tilo mai muryar mahaifiyarta, wadda ta rasu tun tana ƙarama. Zaren ya tsufa, yana kaiwa ƙarshe ya cukurkuɗe ya dagargaje a rikoda. Kai tsaye cikin filashi ake ɗauka, don haka babu wani kwafin a ko'ina.

Ga shi ta makara wurin aiki. Tana ganin an nuna an gama ta kai hannu, ya riga ta.

"Dakata, 'yata."

"Haba Baba, ai ta gama!"

"Ita ta faɗa. Ni ban yarda ba tukuna."

Ta tsaya tana ƙunƙuni, fitila na ta ƙiftawa, can ta lafa. Ya zare filashin ya sa a 'yar rediyonsa, ya matsar zuwa ƙarshe, wurin da aka saba yin asara. Aka ji ƙarar kwanuka, sai muryar ta yi dariya ta ce, "Auta, sauko daga kujerar nan kar ki faɗi."

Matar ta lalubi benci ta zauna, jakarta a cinya.

"Baba, maimaita min."

Ya maimaita, ransa fari ƙal. Ba ta sake yin zancen makara ba.