Waya Biyu da Ƙwan Zabi

Ƙwai ɗari tara na zuba a injin ƙyanƙyasa a daminar nan, duk na zabi. Ɗari uku nawa ne. Ɗari shida na matan Gagarawa ne, waɗanda na yi ta zarya ina lallashi kafin su yarda su ɗauke ƙwai daga ƙarƙashin kaza su ba wa akwati. Kwana ashirin da takwas ake bukata, zafi bai hau ba bai sauka ba. In an ƙyanƙyashe, na zama dillalin injin ƙyanƙyasa daga Gumel har bakin iyaka. In an samu akasi, ni da shiga Gagarawa sai dai da rakiya.

Wanda ya haɗa mini injin wani Bafulatani ne ɗan Sule Tankarkar, sa'ana, da ya bar kiwo ya bi boko har ya iya rubuta wa kwamfuta umarni. Ni Bamange ne, abokin wasan Fulani, don haka tsakaninmu babu gaisuwa sai tsiya. Ya sa wa injin 'yar kwamfuta kamar tafin hannu, da ma'aunin zafi, ya kuma rubuta ɗan shirin da ke karɓo awo daga ma'aunin ya miƙa wa uwar manhajar da ke tafiyar da injin. Direba yake kiransa. Ko ina nake, in na taɓa waya sai ta nuna mini zafin ƙwai.

Ranar Alhamis ta farko ina kasuwar Maigatari, injin ya sandare. Fanka ta tsaya, wuta ta ɗauke daga na'urar ɗumi. Sai bayan awa uku maiɗakina ta lura ɗakin ya yi shiru, ta kashe ta kunna. Na ɗora laifin a kan batir, na sayo sabo. Alhamis ta biyu ya sake. Na zargi sola, na zargi ƙadangare, na zargi wani maƙwabci da ya taɓa leƙa ɗakin ya ce "Allah ya sa albarka" da wata irin murya.

Na kira Bafulatanin. Ya zo da kwamfutarsa ya shimfiɗa tabarma a gaban injin, ya yi kwana uku yana cin tuwona. Injin kuwa lafiya lau, kamar ɓarawon da ya ga an sa mai gadi.

"Ɗan Fillo, ko dai injin nan shanu yake so ya gani?" na ce masa.

"Bawana, injin lafiyarsa ƙalau. Hannun Bamange ne babu albarka."

Ya nuna mini bayanin da kwamfutar ta bari kafin ta suma. Ya ce direban ya je ɗaukar awo a wurin da aka riga aka share, shi ne uwar manhajar ta firgita ta tsayar da komai. Wa ya share? Bai sani ba. Ya danna tambayar zafi sau ɗari a gabana, ɗaya bayan ɗaya, ko gezau.

Alhamis ta uku ya ce zai bi ni kasuwa, wai tunda injin ranar kasuwa yake mutuwa, gara ya ga abin da kasuwar ke yi masa. Na ce dama ka faɗi gaskiya, kewar shanu ke damunka.

Duk wanda ke harka a Maigatari waya biyu yake riƙewa, ɗaya layin gida ɗaya layin Nijar, domin a wurin nan ba ka san wanda zai kama ba. Ni kuma tun ina tallan goro na koyi kada in yarda da bakin mutum ɗaya. Muna tsaye a kara, kasuwar shanu, wajen azahar, na zaro wayoyin biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, na danna tare kamar yadda na saba.

Ya kama mini hannu. "Me ka yi yanzu?"

"Zafi na tambaya."

"Da duka biyun?"

"To in ɗaya ta yi mini ƙarya fa?"

Sai wayar hagu ta yi ƙara. Maiɗakina ce. Fanka ta tsaya.

Ya zauna a kan turken wani, ya yi dariya har da hawaye, sannan ya yi mini bayani da yaren da zan gane. Ya ce in ɗauka tiya ɗaya ce a rumfa, masu awo biyu. Na farko ya cika ta, ya juye, ya kife. Na biyu kuwa hannunsa na ciki yana ƙirga. Yawanci tambayoyina biyu ɗaya kan riga ɗaya isa, sai a wuce lafiya. Amma in suka iso a ƙiftawa ɗaya, sai su yi tsere a kan awo guda, ɗaya ta share ɗaya na karantawa. Shi bai taɓa tunanin akwai mahalukin da zai yi tambaya ɗaya da hannu biyu ba.

"Kenan laifina ne."

"A'a, nawa ne. Wanda ya gina rijiya ya san wata rana guga biyu za su haɗu. Sai dai ban san Mangawa sun kai haka rashin yarda ba."

Da yamma ya gyara. Layi huɗu ya ƙara, wai makulli: wanda ya riga shiga ya kulle, na biyu ya jira a ƙofa. Na ce kwana uku na tuwo da naman kaza a kan layi huɗu? Ya ce layukan kyauta ne, sanin inda za a sa su ne ya ci kajin. Muka tsaya ni da shi da waya huɗu muna dannawa tare har magariba, fanka ba ta ko yi tari ba.

Ƙwan da suka sha sanyi sau uku kuwa ba su san da makulli ba. Tsaki ɗari huɗu da sittin suka fito. Na kai wa matan Gagarawa ɗari huɗu da ashirin, abin da kaza mai kirki za ta ba su, ban ce musu komai game da Alhamis ba. Arba'in suka rage mini daga ƙwai ɗari uku, ga batir sabo da ban bukata ba. Kafin kaka an yi odar inji biyar. A kowanne sai da ɗan Fillo ya ƙara kuɗin aiki, wai ladan gwaji da Bamange.