Inda Inna Mai Kati Ke Rage Murya

Ƙarfe bakwai da rabi Inna Mai Kati ke buɗe tagar ɗakin jira na asibitin yara. Ta goge tebur, ta jera katunan rigakafi, ta ba kowace uwa lambarta. Iyakar aikin da aka ɗauke ta ke nan, shekara ashirin da shida. Amma da zarar layi ya tsaya, sai ta jawo 'yar kujera tsakanin benci biyu, ta zaro littafi daga jaka, ta hau karatu a bayyane.

To wa take karanta wa? Rabin masu sauraron nata ko zama ba su iya ba, wasu ma sai sun tauni gefen shafi kafin su bari a juya shi. Wata nas ta taɓa zolayarta: "Inna, wannan ɗan wata shidan jarrabawa zai zauna ne?"

"Ke dai yi allurarki," in ji ta. "Kafin yaro ya furta kalma sai ya ji ta sau ɗari. A bakin wa zai ji, in kowa ya kafa ido a waya?"

Labarin da yara suka fi so shi ne na ɗan akuyar da ya shiga ɗakin ajiya ya ji motsi a bayan buhu. In ta zo nan sai ta rage murya kamar mai raɗa, kuma ba shafin take kallo ba, fuskokinsu take bi. Duk sai su miƙo wuya.

Wata Laraba yarinya guda ba ta miƙo ba. Shekararta uku, tana gaba-gaba, ido ƙur a kan hoton akuya, amma ko gezau. Inna ta kare bakinta da littafin, ta kira sunan da ta gani a kati. Shiru. Abin ya tsaya mata a rai. Yaron da labari bai dame shi ba ai tashi yake ya kama wasansa. Wannan kuwa tana son labarin, me ya hana shi isa gare ta?

Ta ja uwar gefe. "Ƙanwata, 'yar nan tana amsawa in kin kira ta daga baya?"

"Ina fa! Taurin kai gare ta irin na ubanta. Sai na daka mata tsawa. Jiya ma sai da ta sha mari."

"Don Allah ki daina taɓa ta. Ki bari likita ya duba kunnenta."

Uwar ta haɗa rai. "Yaushe kika zama likita? Ni kati na zo karɓa." Ta saɓi 'yarta ta fice.

Kwana takwas Inna na leƙen ƙofa. Tsoro take ji ƙwarai, don in hasashenta gaskiya ne, kullum marin yarinyar ake yi a kan kiran da bai shiga kunnenta ba. A na tara sai ga uwar, ido jawur.

"Na tsaya a bayanta, Inna, na yi raɗa irin taki. Na ce ta zo ta karɓi alewa, ko waiwayowa ba ta yi ba." Ta share fuska da gefen mayafi. "'Yata ba ta taɓa ƙin alewa ba."

Likita ya duba, ya ce jinta ya yi rauni a kunnuwa biyu, aka sa mata na'urar ji. Inna ta ara wa uwar littafin akuyar, ta ce ta ɗora yarinyar a cinya kullum, suna fuskantar juna, ta karanta mata. "Ko kina tuntuɓe a karatun, yi kawai. Ba maki za ta ba ki ba."

Inna, ke ce kika mai da ɗakin kuka ɗakin sauraro. Ke ce kika tsaya kika tambayi dalili a inda kowa ya riga ya yanke hukunci, kika haɗiye baƙar magana don yarinyar da ba ki haifa ba.

Makon jiya ta ajiye aiki. Ranar bankwana ma'aikata suka zaunar da ita a benci, abin da ba ta saba ba. Sai ga wata 'yar shekara goma ta hau 'yar kujerar nan, na'ura a kunne, tsohon littafi a hannu, gefensa duk shaidar haƙora. Tana karatu tiryan-tiryan, uwarta na tsaye a bakin ƙofa. Da ta zo wurin buhu sai ta rage murya. Inna, wadda yanzu nata jin ya fara ja da baya, ta miƙo wuya tare da yaran. Yarinyar ta lura, ta matso da kujerarta daf da ita, ta maimaita mata layin.

Mun gode, Inna Mai Kati. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya saka miki da alheri. Ku kuma iyaye da yayye, kujerar tana nan babu kowa a kai, kuma kowane gida na da irinta. Ku ɗauki littafi ku karanta wa ƙananan, in kun zo inda ake rage murya, ku ɗaga ido ku dube su.