Yayen Auta

Ranar Talata, takwas ga Yuni 1999, kwana goma da rantsar da gwamnatin farar hula, na fara ganin Uwani mai ƙosai. Ta shigo zauren mai unguwa a Gyaɗi-Gyaɗi, inda nake magatakarda, da goyo a bayanta. Da goyon ya miƙo hannu na ga baƙin gashi har yatsu.

Ɗan biri ne, irin wanda masana ke kira cimfanzi. Mijinta Shehu, direban babbar mota, shi ya sayo shi a iyakar Kamaru kafin rasuwarsa. Ba ta taɓa haihuwa ba. Ta sa masa suna Auta, ta raine shi da kunun gyaɗa.

Tare da ita akwai Malama Tabita, ma'aikaciyar wata ƙungiya mai gandun renon irin waɗannan birai a kudu. Ta ce nan da shekara biyu Auta zai iya karya hannun ƙato, kuma sai an harbe uwa ake samun ɗa irinsa. Uwani ta yarda a tafi da shi. Ni aikina in rubuta shaida, amma na rasa littafin da zan sa shi. Ba rago ba ne, ba kuma ɗan unguwa ba.

"Malam, rubuta yaye," in ji Uwani. "Wajen kakanninsa za shi."

Tabita ta gyaɗa kai, don ta ɗauka dangin birai ake nufi. Ni ma na rubuta yaye.

Bayan kwana arba'in Uwani ta dawo da sabon zanen goyo.

"Malam, yaushe za a maido shi?"

A wurinmu yaron da aka kai yaye gidan kaka dawowa yake yi. Na aika wa Tabita, ta zo daga Tarauni, inda take zaune.

Ta ce wa Uwani, "Inna, ai ba dawowa. So muke ya manta da mutane."

"Har ni?"

"Har ke, Inna."

"To ke da kika gyaɗa kai fa?"

Suka juyo gare ni su biyu. Na buɗe littafi. Abin da aka faɗa na rubuta, ban ƙara ba, ban rage ba, kuma har yau ban san wa ya yi kuskure ba.

Uwani ta yi wata uku ba ta soya ƙosai. Daga baya ta riƙa bin Tabita makarantun firamare na Darmanawa da Unguwar Gano, tana gaya wa yara kada su bari a sayo ɗan biri gidansu. Ta rasu a 2004. Auta bai dawo Kano ba.